Ɗan ƙuda da magatakarda mai jira

Lokacin mangwaro, in ƴaƴan itace suka nuna har suka fara ruɓa, akan ga waɗansu ƴan ƙananan ƙudaje suna kewaya su. Tsawon ɗaya bai wuce milimetir 3 ba. Masana suna kiransa durozofil. Zafin jikin wannan ƙuda yana bin zafin wurin da yake. In zafi ya taso masa farat ɗaya, ransa yana cikin haɗari.

Mi zafi yake ɓatawa?

Jikin ƙuda, kamar jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin rai. Ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Cikin kowace ƙwaya akwai ma'aikata masu yawa da ake kira furotin. Farin ƙwai ma furotin ne. In aka dafa ƙwai, sai farin ya daskare, ba ya komawa yadda yake. Haka zafi yake lalata furotin cikin jiki. Amma ƙwaya tana da magani: wani furotin mai suna Hsp70, wanda yake riƙe ƴan'uwansa da suka fara lalacewa, yana taimaka musu su koma daidai. Sai dai dole a ƙera shi da sauri.

Littafi da magatakarda

A tsakiyar ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna ADN. Shi ne littafin da aka rubuta yadda ake ƙera kowane furotin. Haruffansa huɗu ne: A, C, G da T. Kowane babi na littafin sunansa jen. Ɗan ƙudan nan yana da jen wajen 14.000, mutum kuwa wajen 20.000.

Littafin ba ya fita daga ɗakinsa. In ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi, a kai kwafin wurin ƙira. Sunan kwafin ARN. Mai yin kwafin shi ma furotin ne, sunansa ARN folimeras. Shi ne magatakardan ƙwaya. In ya kama aiki, yakan rubuta harafi fiye da 1000 cikin minti guda. Amma kafin ya fara, akwai shiri mai tsawo: a buɗe littafi, a nemo farkon babi, mataimaka su taru, su zaunar da shi.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1962, a ƙasar Italiya, wani masani mai suna Ferruccio Ritossa yana duba tsutsar wannan ƙuda. Sai ya ga in an sa mata zafi, waɗansu wurare a zaren suna kumbura. Kumburin alama ce ta ana kwafi da gaggawa a wurin.

Daga baya, a jami'ar Cornell ta Amurka, John Lis da abokan aikinsa suka duba babin Hsp70 tun zafi bai zo ba. A shekarar 1986 suka tarar da abin mamaki: magatakarda yana nan zaune a farkon babin. A 1988 suka gane har ya fara rubutu. Ya rubuta harafi wajen 25, sa'an nan ya tsaya cik.

Mi ya tsai da shi? Furotin biyu ne suke riƙe shi, DSIF da NELF. A Japan aka gano su, a 1998 da 1999. Kamar doki ne ranar sukuwa: an ɗaura sirdi, mahayi ya hau, amma an ja linzami. In zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 37, sai wani furotin mai gadi, HSF, ya sauka kusa da farkon babin. Zuwansa yana jawo wani kuma, P-TEFb, mai sakin linzami. NELF ya saki, magatakarda ya zabura. Da ya wuce, wani ya maye gurbinsa, shi ma a sake shi. Cikin ƴan mintoci kwafin babin ya ninka fiye da sau 100. Ƙwaya ta cika da Hsp70, ƙuda ya tsira.

Amfanin tsayawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwaya ta gama dogon shirin tun da wuri, saura sakin linzami kaɗai. Kuma zaman magatakarda a wurin yana hana littafin rufewa. Ga kuma tattali: ba a ɓata ƙarfi wajen ƙera abin da ba a bukata tukuna.

A 2007 da 2008 aka gane wannan dabara ba ta babi guda ba ce. Jen dubbai suna aiki da ita, a jikin ƙuda da jikin mutum. A nan magatakarda yakan tsaya bayan harafi 20 zuwa 60. Har ƙwayar cutar sida ta san wannan linzami. Tana da nata furotin mai suna Tat, wanda yake janyo P-TEFb domin a kwafe nata babi. Shi ya sa masu neman magani suke bin wannan al'amari da kulawa.

Tambayoyi

1. Mi yake faruwa ga farin ƙwai in an dafa shi?
2. Mi ne ne aikin ARN folimeras?
3. Wa yake riƙe magatakarda, wa kuma yake sakinsa?
4. Don mi aka kwatanta shi da doki ranar sukuwa?