Kwalbar da Ke Ƙara wa Akwatin Kifi Ruwa da Kanta

Duk makarantar da ta ajiye akwatin gilashi na kiwon kifi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ta san cewa ruwan cikinsa raguwa yake yi kullum, ko da babu inda yake yoyo. Ƙafewa yake yi, wato yana zama tururi yana bin iska, kuma abin ya fi tsanani da hunturu da bazara, sa'ad da iska take a bushe. Akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin santimita 30, idan ruwansa ya sauka da santimita 1 kacal, ya yi asarar lita 1.8 ke nan.

Abin da ya fi cutar da kifin shi ne abin da tururin ya bari a baya. Ruwa zalla ne yake tashi, amma gishiri da sauran ma'adinan da suka narke a ciki suna nan daram. Ruwan teku, alal misali, yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Idan kashi 1 cikin 10 na ruwan ya ƙafe, gishirin zai haura zuwa kusan giram 39 a lita. Ranar da aka tuna aka antaya ruwa da yawa a lokaci guda, sai ya faɗo ba zato, kuma jikin kifi ba ya son irin wannan canji na farat ɗaya. Gara a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har da lokacin hutun makaranta da babu kowa.

Wanda ya taɓa ganin mazubin ruwan kaji, wanda ake kifewa a kan faranti, ya riga ya ga dabarar. Me ya hana ruwansa malalewa gaba ɗaya? Nauyin iska ne. Iskar da ke kewaye da mu tana danne fuskar ruwan farantin, har ta riƙe wanda ke sama. A shekarar 1643 masanin nan na Italiya, Evangelista Torricelli, ya nuna cewa wannan nauyi yana iya riƙe zaiba santimita 76 a cikin bututun gilashi. Da ruwa ne, da tsayinsa ya kai kimanin mita 10. Ashe ke nan ruwan kwalba ɗaya ba wani kaya ba ne a wurin iska.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalba ko jarka mai tauri tare da murfinta, da tiyo biyu masu faɗin kamar santimita 1, da gam ɗin silikon wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin wannan magani guba ne ga kifi. A huda murfin wuri biyu. Tiyo na farko, na saukar ruwa, ya ɗan leƙa cikin kwalbar kawai, ɗaya bakin kuma ya nutse cikin ruwan akwatin. Na biyu, na shigar iska, a cusa shi har gindin kwalbar, wato wurin da zai koma sama idan aka kife ta, sannan a yanke ɗaya bakinsa a karkace, a kafe shi daidai inda ake so ruwa ya tsaya. A liƙe ramukan da gam, a bari ya bushe na kwana biyu. Daga nan sai a cika kwalbar, a rufe, a kife ta a kan katako bisa akwatin.

Muddin bakin tiyo na biyu yana cikin ruwa, iska ba ta da hanyar shiga. Ruwa zai ɗan sauko, ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar ya ragu, sai saukowar ta tsaya. Da zarar ƙafewa ta tone bakin tiyon, sai iska ta kutsa, ruwa ya sauko har ya sake rufe shi. Haka za a yi ta yi dare da rana, ba wutar lantarki. Akwai masu amfani da injin tura ruwa da makunni mai iyo, amma ga ɗakin da wuta take zuwa tana ɗaukewa, a ganina kwalbar ta fi.

To, amma fa tana da nata haɗarin. Ƙaramar kafa a jikin gam ɗin ta isa ta bar iska ta shiga, ruwan kwalbar duka ya juye cikin akwatin. Saboda haka kada kwalbar ta fi sararin da ya rage tsakanin fuskar ruwa da bakin akwatin girma. Idan sararin santimita 3 ne a akwatin da muka ambata, lita 5.4 zai ɗauka, don haka jarka mai lita 4 ta wadatar. Robar ruwan sha marar kauri kuwa motsewa take yi, ta matso ruwa waje. Kada kuma a sa kwalbar a rana, domin iska tana buɗewa idan ta yi zafi: lita 3 ta iska, idan zafinta ya ƙaru da digiri 10, za ta turo ruwa kimanin mililita 100. Ya kamata ɗalibai su gwada na'urar a kan bokiti na mako guda kafin su kai ta wurin kifi.

Tun da ruwa zalla ne ya tafi, ruwa zalla ya kamata a mayar, ko da kifin na teku ne. Wanda aka tace ta hanyar tururi, ko ruwan sama mai tsabta, shi ya fi. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda yake lahanta kifi, sai an cire shi tukuna. Ƙarin ruwa kuma ba ya fitar da dattin da kashin kifi yake tarawa, don haka har yanzu sai an riƙa ɗebe kamar kashi 1 cikin 5 na ruwan akwatin ana sauyawa duk mako ɗaya ko biyu.