Sanatan Jiha a Amurka: Ƙaramar Kujera Mai Babban Tasiri

Idan zaɓen Amurka ya ƙarato, hankalin duniya kan koma kan mutum biyu, wato masu neman shiga fadar White House. Gidajen rediyo su yi ta sharhi, majalisun hira su rabu gida biyu. Amma takardar ƙuri'ar da ake miƙa wa Ba'amurke a rumfar zaɓe doguwa ce. Can ƙasa da sunan ɗan takarar shugaban ƙasa da na gwamna, akwai sunayen masu neman kujerun majalisar dokokin jiha, waɗanda sau da yawa mai jefa ƙuri'ar ma bai taɓa jin labarinsu ba. Su ne kuwa suke rubuta mafi yawan dokokin da ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Da farko ya kamata a bambance tsakanin sanata iri biyu. Akwai sanatoci 100 da ke zama a birnin Washinton, biyu daga kowace jiha, su ne muka fi ji a labarai. Sai kuma sanatocin jiha, waɗanda ke zama a babban birnin jiharsu, yawansu ya kusa 2,000. Jihohi 49 daga cikin 50 suna da majalisa mai zaure biyu, na wakilai da na dattawa. Jihar Nebraska ce kaɗai ta fita daban. A 1934 jama'arta suka kaɗa ƙuri'ar rushe zaure ɗaya don rage kashe kuɗi da jan ƙafa, tsarin ya fara aiki a 1937. Membobinta 49 ne, duk sanata ake kiransu, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gefen sunansu a takardar ƙuri'a. Idan aka haɗa wakilai da sanatoci na dukkan jihohi, sun haura mutum 7,300.

Abin da ke hannunsu

Tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi duk wani ikon da bai ba gwamnatin tarayya ba, kuma abin da ya rage ɗin ba kaɗan ba ne. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin kuɗi da harajin jiha. Ita ke tsara dokokin makarantun gwamnati, da na aure da saki, da na tuƙi, da mafi yawan dokokin manyan laifuffuka. Shi ya sa laifin da zai kai mutum ga hukuncin kisa a Teksas ba zai kai shi ba a Minnesota, domin ita ta soke wannan hukunci tuntuni. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, amma jihohi da dama sun ɗaga nasu sama da haka nesa ba kusa ba. A 2022 kuma Kotun Ƙoli ta mayar da batun zubar da ciki hannun jihohi, nan take wasu majalisu suka haramta, wasu suka ƙara ba shi kariya.

Zauren dattawa yana da wasu ayyuka nasa na musamman. A yawancin jihohi shi ke tantance manyan jami'an da gwamna ya naɗa, shi ne kuma ke zama kotu idan majalisar wakilai ta tuhumi gwamna. A watan Janairun 2009 sanatocin jihar Ilinoi suka tsige Gwamna Rod Blagojevich da ƙuri'a 59, babu ko mutum ɗaya da ya goya masa baya. Babban zargin da aka yi masa shi ne yunƙurin sayar da kujerar sanatan tarayya da Barack Obama ya bari bayan ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

A da ma ikonsu ya fi haka. Kafin gyaran tsarin mulki na 1913, majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatocin tarayya, jama'a ba su da hannu kai tsaye. Har yau kuma ba a iya gyara tsarin mulkin ƙasar sai jihohi 38 sun amince.

Yadda ake zaɓen su

Mai son kujerar zai fara da cike takardu, a wasu jihohi ya tara sa hannun wani adadi na masu zaɓe a mazaɓarsa, a wasu ya biya kuɗin rajista. Daga nan sai zaɓen fid da gwani, wanda hukumomin gwamnati ke gudanarwa, talakawa su fito su jefa ƙuri'a. Babban zaɓe galibi ana yin sa ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba. Jihohi huɗu, Bajiniya da New Jersey da Luwiziyana da Misisipi, suna yin nasu a shekarun da babu zaɓen tarayya. Wa'adin sanata shekara huɗu ne a yawancin jihohi, amma a jihohi 12, ciki har da New York da Jojiya, shekara biyu ne kacal.

Girman mazaɓa ya bambanta ƙwarai. Kalifoniya tana da sanatoci 40, kowanne yana wakiltar kusan mutum miliyan ɗaya, wato ya fi ɗan majalisar wakilan tarayya yawan jama'a. A can sai da miliyoyin daloli da tallan talabijin ake yaƙin neman zaɓe. A Dakota ta Arewa kuwa, mutanen sanata ɗaya ba su kai 20,000 ba. Ɗan takara kan bi gida-gida da ƙafarsa yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya kafa allunan sunansa a farfajiyar gidajen magoya baya, ya halarci taron coci da na iyayen yara a makaranta.

A cikin jiha ɗaya dai, dole mazaɓu su yi kusan daidai wajen yawan jama'a, kuma wannan ƙa'ida ba ta daɗe sosai ba. Kafin 1964, gundumar Los Angeles mai mutum miliyan 6 sanata ɗaya gare ta, daidai da wani yanki na karkara da mutanensa ba su wuce 14,000 ba. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Reynolds da Sims ne ya kawo ƙarshen wannan rashin adalci. Sai dai an toshe wata ƙofa, wata tana buɗe. Duk bayan ƙidayar jama'a ta shekara goma-goma ana sake shata iyakokin mazaɓu, kuma a jihohi da yawa 'yan majalisar ne da kansu ke riƙe da alƙalamin. Jam'iyya mai rinjaye kan cusa magoya bayan abokan hamayya cikin mazaɓu kaɗan, ko ta warwatsa su yadda ba za su yi tasiri a ko'ina ba. Tsohuwar dabara ce: tun a 1812 Gwamna Elbridge Gerry na Massachusetts ya sa hannu kan wata taswirar mazaɓun sanatocin jiha da aka lanƙwasa don amfanin jam'iyyarsa. A 2010 jam'iyyar Republican ta zuba kuɗi da dabara a zaɓukan majalisun jihohi, ta ƙwace kujeru kusan 700, sannan ta yi amfani da rinjayen wajen shata mazaɓun jiha da na tarayya na shekaru goma masu zuwa. Jam'iyyar Democrat ma tana yin haka inda take da ƙarfi, kamar Ilinoi da Maryland.

Sakamakon shi ne kujeru da yawa an san mai cin su tun kafin a buɗe rumfa. A zaɓukan baya-bayan nan, fiye da kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun jihohi ɗaya ce kawai daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta tsayar da ɗan takara. Inda aka yi takara ta gaske kuwa, ƙuri'a ɗaya na iya juya akalar jiha. A 2017, a wata mazaɓar majalisar wakilan Bajiniya, David Yancey da Shelly Simonds suka yi kunnen doki, kowa da ƙuri'a 11,608. A watan Janairun 2018 jami'an zaɓe suka rubuta sunayen biyu, suka saka kowanne a ɗan ƙaramin gwangwanin fim, suka jefa cikin kwano, aka zaro ɗaya. Sunan Yancey ne ya fito, kuma da wannan jam'iyyarsa ta riƙe rinjayen 51 da 49. Da mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a gida ya fito, da labari ya sha bamban.

Sana'a ce ko hidima?

Amsar ta danganta da jiha. A New York albashin ɗan majalisa dala 142,000 ne a shekara tun 2023, aiki ne na cikakken lokaci, da ofis da ma'aikata. A Teksas dala 7,200 ne a shekara ban da alawus na zama, kuma majalisar kwana 140 take zamanta na ƙa'ida, sau ɗaya a shekara biyu. A New Hampshire dala 100 ce a shekara, adadin da aka rubuta a tsarin mulkin jihar tun 1889. Masu goyon bayan ƙaramin albashi suna cewa yana korar masu neman abin duniya. Masu suka kuma suna cewa yana korar talaka, domin lauya da ɗan kasuwa da mai karɓar fansho ne kaɗai za su iya barin aiki na watanni su tare a majalisa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Wasu kan mayar da kujerar gidan zama. Fred Risser na Wisconsin ya shiga majalisa a 1957 ya bar ta a 2021, shekara 64, mafi yawansu a zauren dattawa. Irin wannan daɗewa ce ta sa tun daga 1990 jihohi suka fara ƙayyade wa'adi, Kalifoniya da Kolorado da Oklahoma ne kan gaba, yanzu sun kai 16. Dokar ta buɗe hanya ga sababbin jini, amma tana da nata illar: kafin ɗan majalisa ya laƙanci kasafin kuɗi wa'adinsa ya ƙare, ya bar fagen ga gwamna, da kuma masu kamun ƙafa na kamfanoni waɗanda su ba su da wa'adi. Wasu kuma kujerar kan kai su gidan yari. Dean Skelos, wanda ya jagoranci masu rinjaye a majalisar dattawan New York, kotu ta same shi da laifin amfani da muƙaminsa wajen samar wa ɗansa kuɗi daga kamfanoni, aka ɗaure shi.

Ga wasu kuma, kujerar matakala ce. Franklin Roosevelt daga majalisar dattawan New York ya fara a 1910. Jimmy Carter, wanda ya ziyarci Legas a 1978 yana shugaban ƙasa, manomin gyaɗa ne lokacin da ya nemi kujerar sanatan jihar Jojiya a 1962. Da aka ƙirga ƙuri'un fid da gwani sai aka ce ya faɗi. Amma a gundumar Quitman, wani uban siyasa mai suna Joe Hurst ya tsaya a kan akwati yana gaya wa mutane wanda za su zaɓa, ƙuri'un da aka samu a ciki sun fi yawan waɗanda suka zo, har da na matattu. Carter ya ƙi haƙura. Ya tara shaidu, ya nemo ɗan jarida daga Atlanta, ya ɗaukaka ƙara, aka soke akwatin. Ya yi shekara huɗu a majalisa, ya zama gwamna a 1971, ya zama shugaban ƙasa a 1977.

Barack Obama shi ma shekara kusan takwas ya yi a majalisar dattawan Ilinoi, daga 1997 zuwa 2004, yana wakiltar kudancin Shikago, yana kuma koyar da dokar tsarin mulki a jami'a. Shigarsa ba ta ruwan sanyi ba ce, domin ƙalubalantar sa hannun da abokan takararsa suka tara ya yi, aka fitar da su duka, har da mai riƙe da kujerar, Alice Palmer. A 2000 ya nemi majalisar wakilan tarayya, Bobby Rush ya kayar da shi warwas, ya koma kujerarsa ta jiha. A nan ne a 2003 ya jagoranci dokar da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. 'Yan sanda sun ƙi ta da farko, ya yi ta zama da su da abokan hamayya har ta samu karɓuwa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta. A irin wannan zaure ake koyon ciniki da abokin hamayya da haƙurin zaman kwamiti, kuma a nan jama'a ke da damar auna mutum tun ikonsa bai yi yawa ba.

Me ya shafe mu?

Nijeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, amma ba ta ɗauko zauren dattawa na jiha ba. Kowace jiha majalisa ɗaya gare ta, mai membobi tsakanin 24 da 40. A Jamhuriya ta Farko dai Jihar Arewa tana da zaure biyu a Kaduna, na wakilai da na sarakuna, har zuwa juyin mulkin 1966. Tsarin ya bambanta, amma nauyin kujerar da kuma sakacin masu zaɓe kusan iri ɗaya ne. Majalisar dokokin Kano ce ta yi dokar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019, ita ce kuma ta soke ta a 2024. Tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 sun amince. Duk da haka, a yawancin jihohi a rana ɗaya ake zaɓen gwamna da ɗan majalisar jiha, kuma mutane da yawa alamar jam'iyya kawai suke dangwalawa. Majalisar da aka cika ta haka, ba abin mamaki ba ne ta zama 'yar amshin shatan gwamna.

Don haka kafin zaɓe mai zuwa, ka san sunan wanda ke wakiltar mazaɓarka a majalisar jiha. Ka bincika ƙudurin da ya gabatar, da matsayin da ya ɗauka ranar da aka kawo kasafin kuɗi, da ko yana zuwa zaman majalisa. Idan ya dawo neman ƙuri'arka, waɗannan tambayoyi za ka fara yi masa kafin ka duba jam'iyyarsa.