Yadda ɗalibin akanta zai gano ainihin ribar gonar tumatir da wayarsa

Idan kana karatun akanta a Jami'ar Bayero ko Kano Poly, kuma gidanku na Kura ko Bunkure, kana da wurin gwaji tun kafin ka samu aiki. Tun shekarun 1970 da aka gina madatsar Tiga, ruwan kanal ke ba manoman yankin damar noman rani: tumatir, albasa, alkama, shinkafa. Kuɗi masu yawa na shiga suna fita, amma a gidaje da dama lissafin yana cikin kan maigida ne kawai.

Google Sheets kyauta ne, kuma za ka iya saita shi ya yi aiki ko babu data. Buɗe shafi, ka ware gurbin kwanan wata, yawan kwanduna, farashi, da abin da aka kashe.

Shigar da alƙaluma ba wuya. Karanta su ne aikin. A ce babanka ya kai kwando 10 kasuwar Kwanar Gafan a farkon kaka, ya sayar kowanne naira 30,000. Da tumatir ya cika kasuwa, ya sayar da kwando 90 a kan 8,000. Idan ka ba manhajar farashin biyu ka ce ta fitar da matsakaici da AVERAGE, za ta ce 19,000. Manhajar ba ta yi kuskure ba, tambayar ce ba daidai ba. Jimillar kuɗin 1,020,000 ne, raba shi gida 100, kowane kwando ya tashi a 10,200. SUMPRODUCT ke yin wannan, domin yana ninka kowane farashi da yawan kwandunansa. Wanda ya ci bashin taki yana dogaro da 19,000, shekara mai zuwa zai sha mamaki.

Sannan ka tambayi abin da shafin bai nuna ba. Kwandunan girmansu ɗaya? Nawa suka ruɓe kafin mota ta zo? An cire la'adar dillali, kuɗin lodi, man injin ban ruwa? Ƙannenka da suka kwana uku suna tsinka, ba a biya su ba, amma aikinsu yana da farashi.

Ni a ganina, abin da ya fi wuya shi ne kai wa Baba sakamakon. Kada ka ce masa ya yi asara a gaban mutane. Zauna da shi bayan isha'i, ka karanta masa alƙaluman, ka tambaye shi abin da ka manta; ya san abubuwan da babu su a wayarka. Idan ya gamsu, shi da kansa zai ce ka zo da wayar taron ƙungiyar masu amfani da ruwa, ranar da za a yi lissafin kuɗin gyaran kanal.