Bayyana Aiki da Auna Shi da Sanya Masa Mataki a Ma'aikatun Gwamnati: Waiwaye Kan Tsarin Udoji

Manufar wannan takarda ita ce bambance abubuwa uku da akan cuɗa su wuri guda idan ana zancen ma'aikatan gwamnati, watau bayyana aiki, da auna nauyinsa, da kuma sanya shi a matakin da ya dace da shi. Za a ɗauki misali daga abin da ya faru a Nijeriya, domin shi ne mafi yawan mahalarta wannan taro suka sani.

Bayyana aiki shi ne a rubuta abin da mai riƙe da wani muƙami yake yi kullum: wa yake ba shi umarni, su wa ke ƙarƙashinsa, wace shawara yake iya yankewa ba tare da ya koma wa na gaba da shi ba, kuma wane ilimi aikin yake bukata. A nan ya kamata a lura cewa kujerar ake sifantawa, ko wane ne ya hau ta. Akawun da ke tsare rajistar wasiƙu, ko da yana da digiri a aljihunsa, aikin tsare rajista yake yi, kuma shi za a rubuta. Wannan ne wurin da aka fi samun gardama, domin da wuya ma'aikaci ya yarda a raba shi da kujerarsa, ko da a takarda ne.

Idan bayani ya kammala sai a zo ga awo. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera ayyuka daga babba zuwa ƙarami, amma ba ta yiwuwa inda muƙamai suka kai dubbai. Akwai kuma hanyar tsara azuzuwa tun da farko, sannan a riƙa jefa kowane aiki cikin ajin da ya yi kama da shi, kamar yadda Amurka ta yi a dokokinta na 1923 da 1949. Wadda masana suka fi yabawa ita ce ta ba da maki: a ware ilimi, da nauyin alhaki, da wahalar tunani ko ta jiki, da yanayin wurin aiki, kowanne a ba shi makinsa, a tara. Da haka ne za a iya kwatanta aikin ungozoma da na malamin gona, alhali babu abin da ya haɗa su a ido. Sai dai kada lissafin ya ruɗe mu; mutum ne ya yanke cewa ilimi zai fi wahala yawan maki, kuma wani mutumin yana iya yanke akasin haka.

Tsarin da Nijeriya ta gada, wanda rahoton Gorsuch na 1955 ya daidaita, ya kasa ma'aikata rukuni-rukuni bisa takardar shaidar da mutum ya shigo da ita, kuma hayewa daga wannan rukuni zuwa wancan abu ne mai wuya ƙwarai. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe ma'aunan albashi masu ɗimbin yawa su zama tsani guda mai matakai 17, bisa ƙa'idar cewa ayyukan da nauyinsu ya zo daidai a biya su daidai, ko a wace ma'aikata suke.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. Ƙarin albashin da aka biya a farkon 1975, haɗe da ariyas tun daga watan Afrilu na 1974, shi ya ɗauke hankalin kowa, har kalmar "Udoji" ta koma tana nufin kuɗi a bakin jama'a. Farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Likitoci da injiniyoyi da sauran masu sana'a suka yi ƙorafin cewa an fifita jami'an mulki a kansu, sai da aka kafa wani kwamitin a ƙarƙashin Akintola Williams don sauraron koke-koke. A ganina, daga lokacin da mataki ya zama abin da ake samu ta hanyar matsa lamba, awon ya rasa ma'anarsa, domin an daina tambayar nauyin aiki, an koma tambayar ƙarfin ƙungiya.

Haka kuma takardar shaida ta dawo ta bayan gida. Mai digiri yana shiga a mataki na 08, ya riƙa hawa bisa yawan shekaru da jarrabawa, ko da aikin da ke gabansa bai sauya ba. Tsanin guda ɗin ma bai daɗe a haɗe ba: kwamitin Cookey na 1981 ya ba da shawarar a ware wa jami'o'i nasu ma'auni, daga baya kuma wasu rukunonin, irin su ma'aikatan lafiya, suka sami nasu.