Ko Kun Sani? Dalilin da Ke Sa Kare Jan Gindi a Ƙasa

Kare na da 'yan jakunkuna 2 a gefen duburarsa, hagu da dama, masu tara wani ruwa mai ƙarni kamar ruɓaɓɓen kifi. Da shi karnuka ke gane juna, shi ya sa suke sunsunar bayan juna. Ruwan kan fita kaɗan-kaɗan wajen bahaya.

Masu karnukan gadi da na farauta sukan ce tsutsa ce idan kare na jan gindi a ƙasa. Wani lokaci haka ne, musamman in an ga farare-farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya. Haɗiye ƙuma ke kawo wannan tsutsar. Amma sau da yawa jakar ce ta toshe. In aka bar ta sai ta kumbura, ta yi mugunya, ta fashe.

Da an ga kumburi, mugunya ko jini, a nemi likitan dabbobi, kada a matse. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi.