Hukuncin Wanda Ya Ga Ɗan'uwansa Cikin Halaka Ya Wuce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ga wata mas'ala wadda ta shafi duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kakangi zuwa kasuwar Birnin Gwari, ko ya bi ta Udawa da Buruku zuwa Kaduna. Mutum na tafiya, sai ya iske wani kwance gefen hanya, 'yan bindiga sun harbe shi, amma da sauran numfashi. Shin wajibi ne ya tsaya, ko kuwa in ya wuce babu kome a kansa?

Mutanen wannan ƙasa ba su bukatar a kwatanta musu, domin sun ga abin da ya fito daga dajin Kamuku da na Kuyambana. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a Gwaska rana ɗaya. A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya ƙulla sulhu, aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, amma hatsarin mota da cin ruwa ba su san sulhu ba.

To, ku sani malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke wannan magana. Shehu Halilu ya kawo ta cikin Muhtasar, a babin yanka, inda ya nuna wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka, ya ƙi, to, lamuni ya hau shi: diyya in rai ne, ƙima in dukiya ce. Haka wanda ya hana zaren da za a ɗinke rauni mai zurfi, ko ya hana mai matsananciyar bukata rarar abinci da ruwa. Falke ya lura, an yarda ya karɓi kuɗin kayansa in mabukacin na da su, amma ba a yarda ya hana ba. An kuwa ruwaito Sayyadina Umaru ya ci waɗansu masu ruwa diyya saboda sun hana wani mutum sha har ƙishirwa ta kashe shi.

Turawa su ma sun rabu biyu. A Faransa, wanda ya ƙi taimakon mai cikin haɗari, alhali babu abin da zai same shi, ana iya ɗaure shi shekara 5 tare da tarar Yuro 75,000. A Jamus ɗaurin yakan kai shekara 1. Ingila kuwa ba ta ɗora wa mai wucewa wannan wajibi ba, sai in akwai amana tsakaninsu, kamar uwa da jaririnta. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ba ta tilasta wa kowane mai wucewa ba.

Abin da ya fi hana jama'a tsayawa shi ne tsoron kada mai taimako ya zama abin tuhuma. Saboda haka aka yi doka a 2017, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Ta ce kowane mutum ya taimaki wanda aka harba ya kai shi asibiti mafi kusa, asibitin kuma, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe shi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sa'an nan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Ta kuma hana a wahalar da mai taimakon da tambayoyin cin mutunci.

Sharaɗin duka shi ne iko. Ba a ce wanda bai iya iyo ba ya faɗa kogi, ko mai hannu wofi ya tari bindiga. Amma danne rauni da rawani don jini ya tsaya, da yin kururuwa, da buga waya, da sauke buhu biyu don majinyaci ya sami wurin kwanciya a mota, duk ba su fi ƙarfin kowa ba. Muna roƙon limamai su karantar da wannan babi a zaure, sarakunan tasha kuma su sanar da direbobi dokar 2017, domin yau kai ne mai wucewa, gobe wataƙila kai ne kwance.

Allah Ya kiyashe mu, amin. Haza wasalam.