Babban Birki a Tsohuwar A-kori-kura

A Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa irin tsofaffin motocin a-kori-kura, musamman Chevrolet C10 da Ford F-100 na shekarun 1960. Mutum zai tsinto ta a bayan gona duk ta yi tsatsa, ya narka mata kuɗi, ya sauke tsohon inji ya ɗora wanda ya ninka shi ƙarfi. Sai ranar da ya hau babban titi ya taka birki, motar ta yi masa kunnen uwar shegu, sannan ya tuna cewa abin tsayar da ita na zamanin kakansa ne.

Da birkin ganga aka ƙera waɗannan motoci gaba da baya, wanda makanikai ke kira duram. Sai a 1971 Chevrolet ya sa wa C10 birkin faifai a gaba, Ford ya bi sahu da F-100 a 1973, alhali tun 1953 Jaguar ta ci tseren Le Mans da birkin faifai. Motar kaya ce, ba wanda ya yi mata gaggawa.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai nauyin tan 2 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fita daga birkinta ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 2. Idan kuma aka ninka gudu, zafin sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. Ganga a rufe take, zafi ba ya samun hanyar fita da wuri. Ga shi idan ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi nesa da takalmin da ke goga ta daga ciki, direba ya ji feda tana nutsewa ba kamu. Faifai kuwa a fili yake, iska na kaɗa shi, kuma idan ya kumbura, ƙara kusantar abin da ke matse shi yake yi. Direbobin da ke sauka Hawan Kibo da lodi sun san wannan a jikinsu: birkin da ya kama lafiya a farkon gangara shi ne yake shanyewa kafin a kai ƙasa.

To, nan ne babban faifai ke da amfani. Ƙarfe mai yawa ya fi ɗaukar zafi kafin ya gaza, ya kuma fi saurin hucewa. Sannan faɗinsa na ba shi ƙarfin riƙe taya, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajera ta kasa. Shi ya sa kamfanoni irin su Wilwood da Baer ke sayar da faifai mai inci 13 ko 14, a madadin na asali mai kusan inci 12.

Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Idan birkin da ke jikin motarka zai iya kulle taya har ta ja ƙasa, babban faifai ba zai rage maka tazarar tsayawa a taku ɗaya ba. Taya ce ke taɓa kwalta, ita ke da hukunci. Wanda ya sa birkin tsere a kan sudaddiyar taya ya yi asarar kuɗinsa. Ribar babban birki tana fitowa ne a taku na biyar da na goma, a gangara, da kaya, ko ana jan tirela.

Kuma birki ba ƙarfe ɗaya ba ne da za a cire a maye. Kalifa, wato abin da ke matse faifan, idan ta girma ta fi shan mai, don haka dole masta, wato famfon da ke tura mai idan an taka feda, ta dace da ita. In masta ta yi ƙanƙanta feda ta yi nisa, in ta yi girma feda ta yi tauri har ƙafa ta gaji. Motocin da aka yi kafin 1967 galibi masta mai layi ɗaya gare su, tiyo ɗaya ya fashe, ƙafafu huɗu sun tafi. A ganina wannan shi ne gyara na farko, tun kafin a yi maganar girman faifai: a sa masta mai layi biyu, gaba daban, baya daban.

Abin da ya fi haɗari shi ne daidaito. Idan an taka birki nauyi gaba yake komawa, a-kori-kura kuwa in ba kaya bayanta sakayau yake. Tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar juyawa za ta yi ta fuskanci inda ta fito. Saboda haka ake sa bawul mai rage ƙarfin man da ke zuwa baya. Masu cire gangar baya su sa faifai don kawai a hango shi ta cikin rim, ba tare da wannan lissafi ba, ado suka saya. Ita kanta Peugeot 504 a-kori-kura, wadda a da kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna, faifai ne gaba, ganga a baya, kuma haka ta yi ta dakon buhuna shekara da shekaru.

Kuɗin ma ba ya tsayawa a birkin. Faifai mai inci 13 galibi ba ya shiga tsohon rim mai inci 15, sai an koma 17, ga sababbin tayoyi. Mai C10 ta 1968 da ya ɗauko kayan gaba na 1971 zai tarar noti shida sun koma biyar, rim ɗinsa ba ya hawa.

Man birki kuma, wanda ya fi komai araha, shi aka fi mantawa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma yana tsotsar danshi daga iska, kuma idan ya sha ruwa iyakar tana iya faɗowa zuwa 140. DOT 4 yana farawa daga 230. Mai ya tafasa, kumfa ta shiga layi, feda ta tafi har ƙasa, komai girman faifan. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da waɗancan biyun.

Bayan an gama haɗawa an fitar da iska daga layi, a nemi hanyar da ba kowa, a yi ta gudu ana rage shi da birki ba tare da tsayawa cak ba, har sabon fad, wato takalmin da ke goga faifai, ya zauna a kansa. Daga nan a gwada taku mai ƙarfi, motar ba kaya sannan da kaya, wani na gefe yana duba ko tayoyin gaba ne ke fara kullewa.